Tantance asali da tarihin tsohuwar motar Jaguar E-Type

Tantance asalin tsohuwar mota bincike ne da ake yi domin a tabbatar cewa motar da ke gaban mutum ita ce wadda takardunta suka ambata, a kuma san abin da ya same ta tun daga ranar da ta bar masana'anta. An fi yin wannan bincike a kan tsofaffin motocin gudu, waɗanda wasu ke kira motocin wasanni, saboda tsadarsu da kuma yawan jabunsu a kasuwa. Binciken yana dogara ne a kan shaidu iri uku: lambobin da aka buga a jikin motar, yanayin ƙarfe da kayan da ke jikinta, da takardun da ke nuna hannayen da ta bi. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke isa shi kaɗai. Sai sun dace da juna ake cewa an tabbatar da asalin mota.

Lokacin da ake farfaɗo da mota, wato a kwance ta gaba ɗaya a gyara a mayar, shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan bincike, domin a nan ne ake ganin wuraren da fenti da kafet suka rufe shekara da shekaru. Haka kuma shi ne lokacin da aka fi asarar shaida, saboda kankare fenti da yanke ruɓaɓɓen ƙarfe suna iya shafe alamun da ba za a sake samun su ba. Motar Jaguar E-Type ta ƙasar Ingila tana cikin misalan da suka fi nuna yadda aikin yake, saboda kundin masana'antarta yana nan, kuma tsarin lambobinta sananne ne.

Dalilin tantancewa

Hukumar FIVA, wadda ke kula da harkokin tsofaffin ababen hawa a duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30 da ƙerawa. Motar da ta kai irin waɗannan shekaru da wuya a ce ba a taɓa sauya mata wani abu ba. Inji yakan lalace a sa wani, hatsari yakan sa a canza gaban mota, tsatsa kuma takan cinye daɓe da gefuna. A shekarun da waɗannan motoci ba su da daraja, masu su suna gyara su ne da abin da ya samu, ba tare da ajiye bayani ba.

Da farashinsu ya tashi, musamman a ƙarshen shekarun 1980, sai kowane bambanci ya zama kuɗi. Motar da har yanzu injinta da giyabos ɗinta su ne waɗanda ta fito da su daga masana'anta ta fi wadda aka sauya wa nata tsada, kuma dillalai suna kiran wannan daidaiton lambobi. Motar farkon fitowa ta fi ta baya tsada, mai buɗaɗɗen sama kuma yawanci ta fi mai rufin ƙarfe. Wannan ne ya sa wasu ke mayar da mota mai arha ta yi kama da mai tsada, ko su ɗora lambar motar da ta riga ta halaka a kan wata. Wanda ya kashe dukiyarsa wajen farfaɗo da irin wannan mota yana iya ganowa daga baya cewa ba abin da ya zata ya gyara ba, ko ma cewa motar sata ce, hukuma ta ƙwace ta.

Akwai kuma dalili na aikin kansa. Kamfanoni suna sauya ƙananan abubuwa a tsakiyar shekara, saboda haka makaniken da bai san ainihin lokacin da aka ƙera mota ba zai iya sa mata kayan da ba nata ba.

Motar E-Type a taƙaice

Kamfanin Jaguar ya fara nuna E-Type a bikin baje kolin motoci na birnin Jeniba a watan Maris na 1961. An ƙera ta a masana'antar Browns Lane da ke Coventry har zuwa 1974, kuma adadin da aka yi ya haura 72,000. Mafi yawansu an fitar da su waje, musamman Amurka, inda aka san ta da sunan XK-E.

An raba ta kashi uku. Kashi na farko ya fara da injin lita 3.8 mai silinda shida, sannan a 1964 aka ƙara shi zuwa lita 4.2. A 1966 aka fito da samfurin 2+2, wanda ya fi tsayi da inci tara kuma yake da ƙananan kujeru biyu a baya. Kashi na biyu ya fito a 1968 da sauye-sauyen fitilu da na kariya domin bin dokokin Amurka. Kashi na uku ya zo a 1971 da injin lita 5.3 mai silinda goma sha biyu.

Yadda aka gina motar yana da muhimmanci ga batun tantancewa. E-Type ba ta da casis na daban irin na manyan motoci, wanda ake ɗora bodi a kai. Daga gilashin gaba zuwa baya, bodin ne da kansa ke ɗaukar nauyi. Daga nan zuwa gaba kuwa akwai ƙwarangwal na bututun ƙarfe da aka ɗaure wa bodin da noti, shi ne ke riƙe da inji da ƙafafun gaba da bonet. Ana iya kwance wannan ƙwarangwal a sa wani cikin sauƙi.

Lambobin da ke jikin motar

Tsarin lambar mota mai haruffa da alƙaluma 17 da ake gani a motocin yau ya zama dole ne a Amurka daga motocin 1981. Kafin nan kowane kamfani da nasa tsari. Kowace E-Type tana da manyan lambobi huɗu: ta casis, ta inji, ta bodi da ta giyabos. Duka huɗun an buga su a kan wani ƙaramin faranti da ke cikin ɗakin inji, sannan kowace lamba tana kan abin da take wakilta.

Lambar casis tana nuna irin bodin da motar ta fito da shi da kuma ɓangaren da sitiyarinta yake. A motocin lita 3.8, jerin lambobin ya fara kamar haka:

- 850001: buɗaɗɗen sama, sitiyari a dama
- 875001: buɗaɗɗen sama, sitiyari a hagu
- 860001: rufin ƙarfe, sitiyari a dama
- 885001: rufin ƙarfe, sitiyari a hagu

A motocin lita 4.2 na kashin farko lambar tana farawa da 1E, a kashi na biyu 1R, a na uku kuma 1S. A cikin jerin 1E, mai buɗaɗɗen sama da sitiyari a dama ta fara daga 1E1001, ta hagu daga 1E10001, mai rufin ƙarfe ta dama daga 1E20001, ta hagu daga 1E30001, sannan 2+2 daga 1E50001 da 1E75001. Saboda haka duban farko ga lambar yana iya tona asiri. Idan mota tana da buɗaɗɗen sama amma lambarta tana cikin jerin masu rufin ƙarfe, to ko dai an yanke mata rufi, ko kuma lambar ba tata ba ce. Haka nan motoci da yawa da aka dawo da su Ingila daga Amurka an mayar da sitiyarinsu dama, kuma lambar ce ke nuna yadda suka fito.

Lambar inji a motocin lita 3.8 tana farawa da R, daga baya RA. A na lita 4.2 na kashin farko tana farawa da 7E, a kashi na biyu 7R, a injin silinda goma sha biyu kuma 7S. A ƙarshen lambar injin silinda shida akan ga 8 ko 9, wanda ke nuna yawan matsin da fistin ke yi wa haɗin iska da fetur. A motocin kashin farko an buga lambar a wuri biyu: a jikin bulok, sama da inda filtar mai take, da kuma gaban kan injin. Idan biyun ba su zama ɗaya ba, an taɓa sauya ɗaya daga cikinsu.

Babban rauni a tsarin shi ne inda aka buga lambar casis. Tana kan ƙarfen da ya gitta a gaban ƙwarangwal, sama da inda ake ɗaure shokazoba ta dama. Wannan ƙarfe yana cikin abubuwan da ke fara lanƙwasa idan mota ta yi karo ta gaba, kuma da noti aka ɗaure shi. Motar gaskiya tana iya rasa lambarta a nan saboda gyaran da aka yi mata shekaru da suka wuce, motar jabu kuma tana iya samun lambar gaskiya idan an ɗaura mata ƙarfen wata. Farantin lambobi ma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, domin ana sayar da sababbinsa babu rubutu, kowa na iya buga abin da ya ga dama.

Kundin masana'anta

Lokacin da ake ƙera motocin, ma'aikatan Jaguar suna rubuta bayanin kowace mota da hannu a cikin manyan littattafai. Waɗannan littattafai yanzu suna hannun gidauniyar Jaguar Daimler Heritage Trust, wadda aka kafa a 1983, kuma tarin motocinta yana Gaydon a yankin Warwickshire. Mai mota yana iya neman takardar shaida daga gidauniyar. Takardar tana ɗauke da lambobin casis da inji da bodi da giyabos kamar yadda aka rubuta su, da ranar ƙerawa, da ranar da motar ta bar masana'anta, da launin fenti da na kujeru, da dillalin da aka aika wa. A wasu lokuta akan samu har da sunan wanda ya fara saye.

Mutane da yawa suna fahimtar wannan takarda ba daidai ba. Abin da take tabbatarwa shi ne cewa an taɓa ƙera mota mai wannan lamba da waɗannan siffofi. Ba ta tabbatar da cewa motar da ke cikin gareji yau ita ce waccan ba, tunda daga littafi aka kwafo bayanin, ba a jikin mota aka duba ba. Amfaninta shi ne ta zama ma'auni: mai bincike zai riƙe ta a hannu, ya bi motar sashe-sashe yana gwadawa.

Wasu kamfanoni ma suna da irin wannan tsari. Gidauniyar British Motor Industry Heritage Trust, ita ma a Gaydon, tana ba da takardu ga motoci irin su MG da Triumph da Austin-Healey. Kamfanin Porsche yana da tsofaffin katunan bayanin motocinsa da aka sani da Kardex. Sashen Ferrari Classiche da ke Maranello ya bambanta da su, domin yana duba motar da kanta, ya gwada ta da zanen masana'anta, kafin ya ba da shaida.

Shaidar jikin mota

Buga lambar jabu abu ne mai sauƙi idan aka gwada da daidaita ɗaruruwan ƙananan abubuwan da ke jikin mota da lokacin da lambar ta nuna. Jaguar ya riƙa sauya kayan E-Type a kai a kai, yana sanar da dillalansa a rubuce lambar casis da sauyin ya fara aiki a kanta. Masu bincike suna amfani da waɗannan sanarwoyi da littattafan kayan gyara wajen gwadawa.

Motoci kusan 500 na farko suna da makullin bonet a waje, a gefen mota, daga baya aka mayar da shi ciki. Motocin da aka yi kafin farkon 1962 daɓensu a shimfiɗe yake, sai daga baya aka zurfafa wurin sa ƙafa domin dogayen direbobi. Waɗannan motoci na farko su ne suka fi tsada a cikin na yau da kullum, shi ya sa ake yawan kwaikwayonsu. Motocin lita 3.8 suna da giyabos na Moss, wanda giyarsa ta ɗaya ba ta shiga cikin sauƙi idan mota na tafiya, kuma da dinamo suke cajin batir. Na lita 4.2 sun zo da sabon giyabos da altaneta da kujeru masu faɗi. Motocin farko suna da kafireto uku na SU, amma daga motocin 1968 waɗanda aka aika Amurka an sa musu biyu na Zenith-Stromberg saboda dokar hayaƙi.

Kayan da wasu kamfanoni suka yi wa Jaguar su ma suna da kwanan wata. Kayan lantarki na Lucas, kamar dinamo da kwayil da injin share gilashi, akan buga musu lokacin da aka yi su. Gilashin Triplex yana da ɗige-ɗige a kusa da haruffan tambarinsa, waɗanda ke nuna shekara da kuma watanni ukun da aka yi shi a ciki. Ƙa'idar ita ce kwanan watan kaya ya riga na motar da makonni ko 'yan watanni. Abu ɗaya da ya saɓa ba ya nuna komai sai gyara. Amma idan gilasai duka da kayan lantarki duka suna nuna 1965 a motar da lambarta ta ce 1962, to akwai tambayar da ke buƙatar amsa.

Fenti ma shaida ne. Ko an sake fentin mota sau nawa, launin farko yakan saura a bayan dashbod, a ƙarƙashin kafet, da cikin ƙofofi. Na'urar auna kaurin fenti da maganaɗisu suna nuna inda aka cike lotsawa. Waldar masana'anta kuwa ɗige-ɗige ce a jere, tana da bambanci da dogon layin waldar da mai gyara ke yi, don haka ana iya gane inda aka haɗa rabin wata mota da rabin wata.

Gane lambar da aka sauya

Wanda zai sauya lamba yakan goge ta asali da dutsen wasa ƙarfe, sannan ya buga sabuwa. Wannan yana barin alamu. Wurin da aka goge yakan yi ƙasa da kewayensa, kuma layukan da injin masana'anta ya bari a fuskar ƙarfen sukan ɓace. Siffar alƙaluman ma tana da muhimmanci, saboda kowace masana'anta tana da irin nata ƙarafan bugu, kuma masana suna gwada lambar da ake shakka da hotunan lambobin motocin da aka ƙera a kusa da ita. A Browns Lane da hannu ake buga lambobi, shi ya sa ɗan karkacewa ba abin zargi ba ne. Lambar da ta miƙe sosai, kowane harfi da zurfi ɗaya, ita ce ma ke sa a ƙara dubawa.

Goge lamba ba ya shafe ta gaba ɗaya. Bugun yana matse ƙwayoyin ƙarfen da ke ƙasa da harafin, fiye da zurfin da ido ke gani. Idan aka shafa wani haɗin asid a wurin, ɓangaren da aka matse yana ciwuwa daban da na kewaye, sai tsohuwar lambar ta bayyana na ɗan lokaci a ɗauki hotonta. 'Yan sanda sun daɗe suna amfani da wannan hanya a kan motocin sata da bindigogi. Tunda asid yana cin ƙarfe, a motoci masu daraja an fi son hanyoyin da ba sa ɓata komai, kamar hoton maganaɗisu da hoton da ke ratsa ƙarfe. Akwai kuma na'urorin da ke nuna sinadaran da ke cikin ƙarfe ko alminiyam, domin a gane ko haɗinsu ya dace da na zamanin da ake da'awa.

Ba kowace sabuwar lamba ce ke nuna zamba ba. Mai gyara yana iya wasa saman bulok domin ya daidaita, ko a sauya inji tun motar tana sabuwa. Abin da ke raba gyara da zamba shi ne ko an rubuta abin da aka yi, kuma an faɗa wa mai saye.

Takardu da jerin masu mota

Shaida ta uku ita ce tarihin mallaka. Mai bincike yana ƙoƙarin haɗa jerin waɗanda suka mallaki motar, daga na farko zuwa na yanzu, ba tare da giɓi ba. A Birtaniya tsofaffin littattafan rajista na kwali, waɗanda aka yi amfani da su kafin a mayar da rajista kan kwamfuta a Swansea a shekarun 1970, suna ɗauke da sunayen masu mota da hatimin ofishin haraji. Ana ƙara musu da rasiɗan gyara, da takardun gwajin lafiyar mota na shekara-shekara waɗanda ke nuna nisan da ta yi, da takardun kwastan, da kundin gwanjo, da tsofaffin hotuna. Ƙungiyoyin masu irin motar suna ajiye rajistar lambobi, kuma sau da yawa su ne ke fara gano cewa motoci biyu suna amfani da lamba ɗaya.

Giɓi a tarihi shi ne inda ake fi sa ido. Motar da aka san ta ƙone ko ta yi mummunan hatsari, sannan ta ɓace shekara ashirin, ta sake bayyana sumul, tana buƙatar bayanin inda ta kasance. Takardu su ma ana yin jabunsu, saboda haka akan duba irin takardar da tawadar, a kuma nemi tabbaci daga wata majiya da ba ta da alaƙa da mai sayarwa.

Kiyaye shaida a lokacin gyara

Masu aikin farfaɗowa da suka ƙware suna gama bincike kafin su taɓa komai. Ana ɗaukar hoton motar ta kowane ɓangare yadda ta zo, da kowace lamba, da rubutun alli ko na fensir da ma'aikatan masana'anta suka bari a bayan kwalayen ƙofa da ƙarƙashin kujeru. Yayin kwancewa, kowane abu ana sa masa alama a rubuta inda aka ciro shi. Wuraren da lamba take ana rufe su kafin a fesa wa bodi yashi, domin feshin yana dushe gefen haruffa, daga baya su yi kama da waɗanda aka taɓa. Farantin lambobi na asali, ko ya tsufa, ana mayar da shi ko a adana shi. Duk ƙarfen da aka cire mai ɗauke da lamba ana ajiye shi tare da motar, ba a jefar da shi ba, saboda idan ya faɗa hannun wani zai iya zama tushen mota ta biyu mai lamba iri ɗaya.

Yarjejeniyar Turin ta hukumar FIVA, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2013, ta tanadi irin waɗannan ƙa'idoji. Ta nemi a rubuta duk aikin da aka yi, a ajiye bayanin tare da motar, a kuma sa wa sababbin kayan da aka ƙera alama ta dindindin domin kada wani ya ɗauke su na asali nan gaba.

Idan shaidu suka saɓa

Wani lokaci an sauya wa mota abubuwa da yawa har a rasa abin da za a kira asalinta. Shari'ar da aka fi ambata a kan wannan ita ce ta motar tsere ta Bentley da ake wa laƙabi da Old Number One. Motar ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a 1929 da 1930. Daga baya makaniken mai ita, Walter Hassan, wanda ya zama ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka tsara injinan Jaguar, ya sake gina ta a kan wani casis, aka kuma sa mata injin lita 8. A 1932 ta yi hatsari a filin tsere na Brooklands, direbanta Clive Dunfee ya rasu, aka sake gina ta.

A 1990 kamfanin Middlebridge ya amince zai saye ta a kan kimanin fam miliyan 10, sannan ya janye da hujjar cewa ba ita ce motar da ta ci Le Mans ba. Mai shari'a Otton na babbar kotun Landan ya yanke hukunci a kan kamfanin. Ya yarda cewa kaɗan ne ya saura daga kayan motar ta 1929, amma ya ce sauye-sauyen an yi su ne ɗaya bayan ɗaya a kan mota guda, tarihinta bai taɓa yankewa ba, kuma babu wata mota da ke da'awar sunan. Tun daga nan batun tarihi marar yankewa ya zama abin da ake yawan kafa hujja da shi.

Akasin haka shi ne inda mota ɗaya ta rabu biyu. Jaguar D-Type mai lamba XKD 530, wadda ta yi tsere a kan ƙanƙara a ƙasar Finland, an raba kayanta lokacin wani gyara, har aka wayi gari motoci biyu suna ɗauke da lambarta. An warware matsalar ne a farkon shekarun 2000, da mutum ɗaya ya mallaki duka biyun, aka kwance su, aka tantance kayan asali aka haɗa su a mota ɗaya.

Kwafi da motocin ci gaba

Ana bambanta motar jabu da kwafin da aka bayyana cewa kwafi ne. Akwai kuma motocin da kamfani da kansa ke ƙerawa daga baya. A 1963 Jaguar ya shirya yin E-Type guda 18 masu bodin alminiyam domin tsere, amma 12 kawai aka yi. A 2014 kamfanin ya sanar cewa zai ƙera shidan da suka rage, da lambobin casis da aka ware musu tun farko. Haka ya yi a 2016 da XKSS guda tara, a madadin waɗanda gobarar Browns Lane ta watan Fabrairun 1957 ta cinye. Waɗannan motoci suna da lambobi na gaskiya daga kamfani, amma sababbi ne, kuma a haka ake sayar da su.

Matsayin hukumomi

Hukumomin rajista suna da nasu ma'auni, wanda ya bambanta da na masu tara motoci. Kafin 2025, hukumar DVLA ta Birtaniya ta daɗe tana amfani da tsarin maki ga motocin da aka sauya sosai: casis ko bodi mai ɗaukar nauyi yana da maki 5, inji yana da 1, sannan giyabos, sitiyari, aksul da kayan ƙafa kowanne yana da 2. A wancan lokaci, motar da ta kasa samun maki 8, ciki har da 5 na casis, takan rasa lambar rajistarta ta asali a ba ta mai farawa da harafin Q. A 2025 hukumar ta sassauta dokokinta game da motocin da aka gyara ko aka farfaɗo da su. Takardar fasfo ta fasaha da hukumar tseren motoci ta FIA ke bayarwa ita kuma tana tabbatar ne kawai cewa tsarin mota ya dace da na zamaninta domin shiga tsere, ba ta magana a kan asalinta. Saboda haka mota tana iya samun rajista da izinin tsere, amma tambayar ko ita ce wadda ta bar Browns Lane a ranar da kundi ya nuna tana komawa ne ga lambobinta, da ƙarfenta, da takardunta.